Yadda Ake Jagorantar Jama'a Ba Tare da Rawani Ba: Jagora ga Hausawa Mazauna Saudiyya

Tambaya guda ce take ta dawo mini daga masu karatu, sai dai kowa da irin rigar da yake sa mata. Wani direba ne a wani kamfani a Jidda, abokan aikinsa Hausawa sun mayar da shi bakinsu a gaban mudir, wato manaja, alhali albashinsu ɗaya. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina da ya riga sauran zuwa da shekara biyu, sababbin zuwa suka maƙale masa. Wata kuma dattijuwa ce a Shara Mansur cikin Makka, wadda duk matar da ta shiga uku a gidan aiki sai a ce a kira Hajiya. Abin da dukansu suke son sani shi ne yadda mutum zai ja ragamar jama'a alhali ba wanda ya naɗa shi, ba shi da hatimi, ba ya iya hukunta kowa, kuma shi kansa baƙo ne da igamarsa, wato takardar izinin zamansa, take da ranar ƙarewa.

A gida, mai unguwa yana magana ne da ƙarfin dagaci, dagaci da ƙarfin hakimi, hakimi da ƙarfin sarki. A nan babu ko ɗaya daga cikinsu a bayanka. Matsayinka ya fi kama da na madugu a zamanin fatauci, wanda ayari yake bi saboda ya san inda rijiya take da inda 'yan fashi suke tare hanya, kuma idan ya ɓatar da mutane sau biyu, ba sai an tuɓe shi ba, da kansu za su nemi wani. Na jera matakan nan ne bisa abin da na gani a shekarun da na yi a Jidda, kuma a kiyaye jerin, domin yawancin waɗanda na ga sun faɗi, daga tara kuɗi ko kiran taro suka fara.

1. Ƙayyade mutanenka

Kafin komai ka zauna ka ƙirga. Jama'arka su ne waɗanda ka san sunayensu da garuruwansu na gida, ka san ƙofar ɗakin da suke kwana, kuma za su ɗaga waya idan ka kira su da ƙarfe biyun dare. A ganina, mai aikin yini ba zai iya riƙe fiye da mutum 30 zuwa 40 riƙo na gaskiya ba. Duk wanda ka ji yana cewa shi ne jagoran Hausawan Jidda baki ɗaya, tun daga Karantina har Hindawiyya, to ka bincika da kyau, da wuya ka sami mutum goma da suke jin maganarsa.

Ka sayi littafi mai ƙarfin bango, abin da ba zai wuce riyal 10 a maktaba ba, ka ware wa kowa shafinsa: cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, lambar kafili, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamansa, ko ta kamfani, lambar ɗan'uwa guda a gida, da watan da igama take ƙarewa. Amfanin wannan littafi ba zai bayyana sosai ba sai a mataki na 9.

Gargaɗi: kada ka rubuta kowa sai da yardarsa, kuma wanda ya noƙe kada ka tsare shi da tambaya a gaban mutane, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hotunan fasfo da na igama kuwa ba a zuba su a zauren WhatsApp, da irinsu 'yan damfara suke cin abinci.

2. Ɗauki aikin da kowa yake gudu

Ana fara jagoranci ne da aikin da ba shi da daɗi kuma ba ya kawo suna. Raka maras lafiya mustashfa, wato asibiti, a zauna da shi awa huɗu ana fassara tsakaninsa da likita yana ciki, haka taimaka wa sabon zuwa ya buɗe Absher, manhajar gwamnati ta harkokin igama da fasfo. Mafi amfani duka shi ne ka karanta wa mutum kwantiraginsa a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago layi bayan layi kafin ya amince, musamman wurin albashi, kuɗin gida da tsawon wa'adi, saboda abin da aka rubuta a wurin shi hukuma take dubawa ranar rigima, ba abin da dillalin biza ya faɗa masa a Kano ko Zinder ba. Ka zaɓi aiki ɗaya ko biyu da ka iya sosai, ka yi ta yin su kamar wata shida ba tare da kalmar shugabanci ta fito daga bakinka ba.

Abin da ake aunawa a wannan lokaci shi ne ƙaramin alkawari. Idan ka ce za ka zo bayan Magariba, a gan ka bayan Magariba, idan kuma ba zai yiwu ba ka kira tun La'asar. Mutanen da suka baro gida sun ƙoshi da alkawarin baka tun kafin su hau jirgi, don haka iya tsara magana ba ya burge su kamar yadda kake zato.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya buɗe zaure a waya, ya zuba mutane ciki ba da saninsu ba, ya laƙaba wa kansa Ciyaman, har ya buga kati. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hori Abdurrahman ɗan Samura da kada ya nemi shugabanci, domin wanda aka ba shi saboda ya roƙa akan bar shi da kayansa, wanda kuwa aka ba shi ba da roƙo ba akan taimake shi. Ko da ido ana ganin haka: ranar da kaya suka yi nauyi sai jama'a su naɗe hannu su ce ai shi ya ce yana so.

3. Gaida manya kafin ka motsa

Hausawa ba jiya suka zo ƙasar nan ba. Akwai gidaje a Makka da Madina da Jidda waɗanda kakanninsu suka taho a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru suna ƙwadagon noma a hanya don tara guzuri, kafin su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Jikokinsu a nan aka haife su, Larabcin Hijaz ne a bakinsu, sun san umda, wato mai unguwar nan, sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa da wadda ake wucewa. Sabon zuwa da ya tsallake su ya ninka wa kansa tafiya.

Ranar da na fara zuwa wurin wani dattijo a unguwarmu, kilo ɗaya na dabino na riƙa da 'yar kwalbar turare. Ya nuna mini kujera, na zauna a kan darduma. Sai da aka zagaya da shayi sau biyu sannan na ce, "Baba, yaran kamfaninmu suna yawan kawo mini matsalolinsu, ni kuwa ban san gari ba, shi ne na ce bari in zo in ji yadda kuke yi." Ya daɗe yana juya ɗan kofin a hannunsa kafin ya ce, "Ɗana, da cewa ka yi za ka kafa ƙungiya, da addu'a zan yi maka in sallame ka. Tunda tambaya ta kawo ka, ɗauko biro." A daren ya ba ni lambobin mutum uku, har yau ina amfani da biyu daga ciki.

Ka je da ƙafarka, domin zuwa da kai ya fi aike. Bayan dattijon unguwa, ka nemi malamin da mutanenka suke ɗaukar karatu a wurinsa, sannan ka nemi dattijuwa guda da mata suka amince da ita, saboda lamarin mata masu aikin gida ba namiji ne yake shiga cikinsa kai tsaye ba, kuma akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗa maka ba ko da kai ne wan babanta.

Gargaɗi: manya sukan kasance da tsohuwar ƙullalliya a tsakaninsu wadda ta girme ka. Ka gaishe su duka cikin mako guda don kada a ce ka zaɓi ɓangare, kuma abin da ka ji a wannan zaure kada ya bi ka zuwa wancan.

4. Tanadi kayan aiki, ka san abin da za su ci maka

Kayan aiki na farko shi ne Larabcin taga, wato wanda ake yi da ma'aikaci a bayan gilashi. Ɗalibin da ya haddace nahawu yana iya tsayawa a wurin ya rasa ta cewa idan bai san mene ne mau'idi (ranar ganawa), mu'amala (fayil ɗin buƙata), wakala (takardar wakilci) da hiɗabi (wasiƙar ofis) ba. Hanyar koyonsa ita ce ka bi wanda ya iya sau uku ko huɗu, ka yi shiru kana saurare.

Na biyu lambobi ne, a kanka ba a waya kawai ba: 911 don gaggawa a yankin Makka, wanda ya haɗa da Jidda da Ɗa'ifa, 997 don motar asibiti ta Hilal Ahmar, 937 don shawarar ma'aikatar lafiya, 19911 don ma'aikatar da ke kula da harkokin ma'aikata. Ka ƙara da lambar ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku a Jidda, ko na Najeriya ko na Nijar. Ofisoshin gwamnati daga Lahadi zuwa Alhamis suke aiki, saboda haka takardar da ta kwana zuwa yammacin Alhamis ta yi asarar kwana biyu.

Maganar kuɗi kuwa, gaskiyarta ita ce daga aljihunka za su fita: katin waya, kuɗin mota, shayin baƙi, da ranar aikin da za ka rasa. Tsakanin Jidda da Makka kusan kilomita 80 ne, Madina kuwa ta haura 400, don haka rakiya biyu a wata ta isa ta girgiza albashin direba. Ka yanke wa kanka adadi, misali riyal 100 ko 150 a wata, ka sanar da maiɗakinka, kuma idan ya ƙare ka faɗa wa mai buƙata a fili cewa kuɗin mota a kansa yake.

Gargaɗi: kada ka saci lokacin kafilinka don hidimar jama'a, ka nemi izini, domin jagoran da aka kora daga aiki ya zama ƙarin kaya. Kada kuma ka karɓi lada. Da zarar ka fara amsar riyal 50 a kan kowace takarda ka tashi daga jagora ka koma mu'aƙƙib, wato dillalin bin takardu a ofisoshi, maras lasisi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

5. San inda ikonka ya tsaya

Dokar ƙasar nan ba ta san da kai ba. Ta san kafili, ta san umda, 'yan sanda, jawazat (hukumar fasfo da shige da fice), kotu da ofishin jakadanci. Aikinka shi ne ka gane wace matsala ce ta wace ƙofa, ka kai mutum wurin da takardunsa a cike, ka tsaya a gefensa.

Ɗauki misalin ma'aikacin kamfani da aka riƙe wa albashi. Da farko a tara hujja: kwantiragi, bayanan banki da ke nuna watan da kuɗi suka daina shiga, da saƙonnin da suka gudana tsakaninsa da kamfani. Sannan a shigar da ƙorafi a ma'aikatar da ke kula da harkokin ma'aikata, inda ake fara zaman sulhun da ake kira taswiya wuddiyya, mai wa'adin kwana 21 na aiki, idan ba a daidaita ba a miƙa zancen kotun ma'aikata. Ka riƙe cewa ba a sauraron irin wannan ƙara bayan wata 12 da rabuwa da aiki, don haka "bari mu ƙara haƙuri" tana da iyaka. Ka kuma san lissafin haƙƙin ƙarshen aiki: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru 5 na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka, sai dai yakan ragu idan ma'aikacin ne ya ajiye aiki da kansa. Direban gida da 'yar aikin gida tsarinsu daban ne, ta dandalin Musaned na masu aikin gida lamarinsu yake bi. Riƙe fasfon ma'aikaci kuma doka ba ta yarda da shi ba, ko da kafili ya ce al'ada ce.

Gargaɗi: kada ka taɓa ba mutane shawarar su ajiye aiki gaba ɗaya ko su taru a ƙofar kamfani. Yajin aiki da zanga-zanga ba su halatta a nan ba, kuma wanda ya daina zuwa aiki ana iya shigar masa da rahoton hurub, wato na gudu daga aiki, ƙarshenta mai neman haƙƙinsa ya tsinci kansa a tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Haka nan ɓoye wanda takardunsa suka mutu, ko ɗaukarsa a mota, laifi ne mai jawo tara da ɗauri da kora. Matsin ya fi yawa gab da aikin Hajji, lokacin da dangi masu bizar ziyara suke roƙon a ajiye su a Makka. A Hajjin 2025 hukuma ta sanar da tara har riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba tasrihi, wato takardar izini, da har riyal 100,000 ga wanda ya ɗauke shi ko ya ba shi masauki. Ka koyi cewa a'a da ladabi tun watan Shawwal, kafin a sayi tikiti.

Masu ganin wannan taka-tsantsan tsoro ne su tuna yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira. Da kwamandoji uku da aka naɗa suka yi shahada, Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta ba tare da naɗi daga Madina ba, kuma babban abin da ya yi shi ne ya fitar da rundunar daga halaka ya mayar da ita gida.

6. Kada kuɗin jama'a ya kwana a hannunka

A nan ne na taɓa faɗuwa, don haka zan ɗan tsaya. Wani ɗan'uwanmu ya kwanta ciwo, na ce kowa ya kawo abin da ya sauwaƙa. Wasu suka ba ni a hannu a ƙofar masallaci, wasu a wurin aiki, ni kuma ina cusawa a aljihun da nake ajiye nawa, ban rubuta ba don ina ganin ai an san ni. Da aka zo lissafi sai jimillar da na faɗa ta gaza abin da mutane suka ƙiyasta da kusan riyal 300. Na cika daga albashina, amma cikawar ba ta wanke ni ba, sai ma wasu suka ce da bai ci ba da bai biya ba. Shekara biyu ina jin ƙurar maganar tana tashi a bayana duk inda na ba da baya.

Bayan wannan akwai doka. Tara gudummawa daga jama'a ba tare da lasisi ba laifi ne a Saudiyya, don haka kada ka sa lambar asusunka a zaure kana kiran taimako, kuma kuɗin da suka zarce albashi idan suna yawan shiga asusun baƙo sukan jawo tambayar da amsarta take da wuya. Hanya mafi tsabta ita ce ka haɗa mai bayarwa da mai buƙata, ya miƙa masa hannu da hannu ko ya biya a tagar asibiti ya karɓi rasit. Buƙatar da ta fi ƙarfin 'yan ɗaki a nufi ƙungiyoyin agaji masu rajista da ita, masu son yin sadaka mai yawa kuma akwai dandalin Ehsan da gwamnati ta buɗe a 2021.

Idan abokan zama ne suka ga dama su tallafa wa ɗan'uwansu a tsakaninsu, to a yi a zama ɗaya, mutum biyu da ba kai ba su ƙirga a gaban kowa, a faɗi jimilla da ƙarfi, a kai wa mai shi a daren.

Gargaɗi: adashi, wanda ake kira jam'iyya a nan, ya raba zumunci fiye da yadda ake faɗa. Jagora ba ya zama uwar adashi, ba ya ɗaukar kwasar farko, kuma ba ya tsaya wa kowa a kan bashi sai idan ya shirya biya.

7. Zaman shawara

Sai yanzu aka zo taro. Ya kasance ƙarami, a ɗakin ɗayanku, daren Juma'a bayan Isha'i, a kan magana guda ɗaya da kowa ya san da ita tun kafin ya zo. Ka bar ƙanana su fara magana, domin idan dattijo ya riga ya faɗi ra'ayinsa babu yaron da zai saɓa masa, kai kuma ka zama na ƙarshe. Kada a tashi sai an ambaci wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai kawo bayani.

A irin wannan zama ne wata rana wani zai ce, "Malam, tunda kai kake ta wahalar nan, ka zama babbanmu mana." Idan sauran sun amsa, ka karɓa, domin hadisi ya yi umarni cewa mutum uku idan suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Amma ka sa wa'adi da bakinka, shekara guda, a sake zama.

Gargaɗi: siyasar gida, gardamar Izala da ɗariƙa, da ba'ar ɗan Najeriya da ɗan Nijar, duk a bar su a bakin ƙofa tare da takalma. Siyasar ƙasar da kuke zaune kuwa ko da wasa ba a taɓa ta, a zaune ko a waya.

8. Sulhu tsakanin mutum biyu

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mutum shida a ɗaki ɗaya da na'urar sanyi ɗaya. Idan rigima ta zo, ka saurari kowa shi kaɗai, a wuri daban, kuma kada ka yanke komai a daren farko, saboda wanda ya riga zuwa kullum shi yake kama da mai gaskiya. Yayin sauraro ka nemi abin da kowannensu ba zai iya rasawa ba. Sau da yawa za ka tarar riyal 200 da ake faɗa a kai ba su ne ciwon ba, ciwon shi ne an kira mutum maci amana a gaban 'yan garinsu.

Ka yi ta kai da komo har sai kowanne ya amince da sharuɗɗa a keɓe, sannan ka haɗa su a gaban dattijo. Zaman haɗuwa na tabbatar da abin da aka riga aka gama ne, don haka kada ka bari a sake tone labari daga farko. Idan bashi ne a rubuta adadi da ranakun biya, shaidu biyu su sa hannu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Ka shirya jin baƙar magana daga ɓangarorin biyu, tunda babba juji ne, kuma abin da aka zuba maka a nan ya ruɓe a cikinka.

Gargaɗi: ka hana a kai rigima waya. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara 1 ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya keta sirrinsa da na'ura, kuma saƙon murya ɗaya da aka yi cikin fushi ya isa hujja. Akwai kuma abin da ba na sulhun ɗaki ba ne: duka mai rauni, da cin zarafin mace ko yaro. Waɗannan na hukuma ne, kuma 1919 ita ce lambar kai rahoton cin zarafi a cikin gida. Jagoran da ya rufe irin wannan don kare sunan Hausawa ya zama abokin laifi.

9. Ranar rasuwa

A wannan rana ake gane ko matakan baya sun zauna. Na ga gawar wani tela ta yi kwana 11 a firjin asibiti, ba don rashin masu sallah ba, sai don duk unguwa da laƙabinsa aka san shi, ba wanda ya san sunan da ke fasfonsa, ba wanda yake da lambar kafilinsa, danginsa na gida kuma sai da aka bi ta hannun mutum huɗu kafin a same su.

Ga jerin da za ka bi. Idan a ɗaki aka rasu kada a motsa mamacin, a kira 911 ko 997, domin rasuwar da ta faru a wajen asibiti sai 'yan sanda sun shiga ciki. Ka sanar da kafili nan take, saboda yawancin takardu da sa hannunsa suke tafiya. Ka nemo igama da fasfo. Daga nan ka kira gida, amma ba matar mamacin ko mahaifiyarsa ba: ka kira namiji babba a dangi, ya je da ƙafarsa ya faɗa musu, kuma ka roƙi jama'arka kada kowa ya sa hoto ko ta'aziyya a Facebook kafin hakan. Sannan a karɓi takardar shaidar rasuwa daga asibiti, a samo amincewar iyali a rubuce cewa a binne shi a nan, a kai ofishin jakadanci su ba da wasiƙarsu, da ita ake neman izinin binnewa. Wanka da likkafani akwai magsalolin sadaka, wato wuraren wankan gawa, da suke yin su kyauta, don haka duk wanda ya zo yana cewa a haɗa kuɗin wanka a tambaye shi na mene ne.

Gargaɗi: aikin ba ya ƙarewa a maƙabarta. Kafin a taɓa akwatin mamaci a kira shaidu biyu, a rubuta duk abin da ke ciki har da waya da canjin aljihu. A bi ragowar albashinsa da haƙƙin ƙarshen aikinsa ta hannun kafili da ofishin jakadanci, a yi cigiyar masu binsa bashi da waɗanda yake bi, kuma kuɗin magada su tafi ta hanyar da take barin rasit.

10. Shirya wanda zai karɓe ka

Zaman igama ba shi da tabbas, kwantiragi yana iya ƙarewa a ba ka fita ta ƙarshe cikin 'yan makonni. Saboda haka tun daga shekarar farko kada ka je ofis ko asibiti kai kaɗai, ka riƙa jan wani matashi mai haƙuri da riƙon sirri. Karo na farko ya kalla, na biyu ya yi magana kana tsaye, na uku ka tura shi shi kaɗai ka jira kiransa. Ka kai shi wurin dattawan da ka gaisar a mataki na 3, ka gabatar da shi da sunan mahaifinsa da garinsu.

Idan wa'adin da ka sa ya cika, ka miƙa littafin a gaban jama'a, ka cire kanka daga masu kula da zauren waya, kuma wanda ya kawo maka ƙara bayan haka ka ce masa, "Je ka wurin ƙaninka, idan ya buƙace ni zai kira ni." Nawa littafin yana hannun wani yaro ɗan Maraɗi tun bara. Ya ƙara masa shafuka tara, ya kuma gyara lambobi biyu da na rubuta ba daidai ba.